SHARHI: Dalilin da ya sa kwamfutar ko-ta-kwana ke ƙin karɓar aiki idan an ɗauke wuta

Bankuna da hukumomin da ke alfahari cewa shafukansu ba sa barci sun dogara ne da uwar garke biyu ko fiye: ɗaya na aiki, ɗaya na zaman ko-ta-kwana. A takarda, da zarar ta farko ta faɗi sai ta biyu ta karɓa. A aikace kuwa, ɗaukewar wuta kan tsayar da aikin baki ɗaya.

Ta biyun ba ta ganin abin da ya sami 'yar uwarta, shiru kawai take ji. Mai yiwuwa ta mutu, mai yiwuwa kuma layin sadarwa ne ya katse. Idan ta karɓi aiki alhali ta farko na raye, su biyun za su riƙa rubutu a ma'aji ɗaya har bayanai su lalace. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Shi ya sa manhajoji irin su Pacemaker ke bin ƙa'idar killacewa: sai an kashe wadda ta yi shiru, an samu tabbaci, kafin a miƙa mulki.

A nan tarkon yake. Sau da yawa umarnin kashewar na bi ne ta IPMI, wata 'yar na'ura da ke cikin jikin uwar garken, wadda kuma suke shan wuta tare. Idan wuta ta yanke, ita ma ta mutu, babu mai ba da tabbaci. Sai ta biyun ta yi ta maimaita umarni, jama'a na tsaye a layi.

Kamfanin GitHub ya ɗanɗana makamancin haka a Disambar 2012. Lokacin da ake sabunta na'urorin sadarwarsa, hanya ta toshe, umarnin kashewa bai isa ba, wasu tagwayen kwamfutocin kowace ta ɗauka ita ce mai iko. Da hanya ta buɗe, sai suka kashe juna. An shafe sa'o'i ana gyara.

Maganin sananne ne: a tanadi hanyar killacewa ta biyu mai cin gashin kanta, kamar agogon tsaro na SBD da ke tilasta wa kwamfuta kashe kanta, sannan a ƙara ta uku domin a samu rinjayen ƙuri'a.

Ga Najeriya, inda jihohin Arewa da dama suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu a Oktoban 2024, batun ya wuce na injiniyoyi. Janareto da batura su ma suna cin amana. Albashi, rajistar jarabawa da sakamakon zaɓe duk sun koma kan irin waɗannan na'urori. Saboda haka idan hukuma ta zo kare kasafinta da batun sayen kayan ko-ta-kwana, tambayar da ta kamata 'yan majalisa su yi ita ce: yaushe aka taɓa zare wuta da gangan domin gwaji, kuma ina rahoton abin da ya biyo baya?