Lokaci ya yi da dillalan motoci za su gyara hasken filayensu

Duk wanda ya bi manyan titunan Kano, Kaduna ko Abuja bayan sallar Magariba zai ga filayen sayar da motoci iri biyu. Wasu duhu ya lulluɓe su, sai ƙwan fitila ɗaya a ƙofar ofis, alhali motocin da ke jere a ciki sun kai na ɗaruruwan miliyoyin naira. Wasu kuma sun kafa manyan fitilu masu dalle ido suna fuskantar titi, har direba mai wucewa sai ya kare fuskarsa da hannu. Dukansu biyun da sauran gyara.

Dalili na farko shi ne kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kwana da janareta ya zama jan aiki. A watan Afrilun 2024 kuma hukumar NERC ta ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. Wanda har yau yake amfani da tsofaffin fitilu masu cin wat 400 ko 500, kuɗinsa yake ƙonawa.

Lissafin ba shi da wuya. A ce fili yana da fitila 20 masu wat 400, suna ci awa 12 kowane dare: yunit 96 ke nan. Idan aka maye gurbinsu da fitilun LED masu inganci na wat 150, waɗanda haskensu kan yi kusa da na tsofaffin, abin zai sauko zuwa yunit 36. An tsira da yunit 60 a dare, wato 1,800 a wata. Ko da a kan naira 200 aka lissafa, naira 360,000 ce ta koma aljihu duk wata. Ga shi kuma LED ta fi daɗewa, ba a yawan hawa tsani don canza ƙwai.

Na biyu shi ne tsaro. Ɓarawon da ke cire madubi ko batir ko na'urar kwamfutar mota ba ya son komai kamar inuwa. Fitila ɗaya mai tsananin haske a tsakiyar fili takan bar lunguna masu duhu tsakanin motoci, kuma idon maigadi, idan ya saba da hasken, ba ya ganin abin da ke cikin duhun. Kyamarar tsaro ma haka take. Fitilu matsakaita da aka rarraba daidai a kan dogayen turaku sun fi ɗaya ƙatuwa amfani.

Na uku ya shafi amana. Tsohuwar fitilar sodiyam mai haske ruwan ɗorawa tana ɓata launi, shuɗiyar mota ta koma kamar baƙa. Farin haske mai kyau yana nuna fentin mota yadda yake, har da wurin da aka yi ciko ko aka sake fesawa. Dillalin da ya san kayansa lafiyayyu ne babu abin da zai ji tsoro. Ma'aikatan da ba sa samun zuwa kallon mota sai bayan an tashi daga aiki za su fi sakin jiki su shigo.

Amma sauya fitila ba a yin sa da ka. Kasuwa cike take da fitilun da aka rubuta musu wat 200 ko 300 a kwali, alhali ba su kai ko kusa ba. Mai saye ya duba adadin lumen, domin shi ne ma'aunin haske, wat kuwa ma'aunin cin wuta ne. Ya nemi mai lambar IP65 ko sama da haka, saboda ƙurar hunturu da ruwan damina. Ya karɓi garanti a rubuce, ya sa na'urar kariya daga wutar da ke zuwa da ƙarfi, da kuma wadda ke kunna fitila da kanta idan duhu ya yi. Mai son sola ya tambayi girman batir, don kada haske ya mutu da tsakar dare, lokacin da aka fi bukatarsa. Faranti kuma sai ana goge masa ƙura. Arha dai ba ta ado.

Akwai kuma haƙƙin jama'a. Fitilar da aka ɗaga kanta tana kallon titi tana makantar da direbobi da masu babur, tana kuma hana maƙwabta barci. A sunkuyar da ita ta haska motoci, domin su ake sayarwa.

Muna kira ga hukumar SON da ta matsa wa masu shigo da jabun fitilu lamba, hukumomin tsara birane na jihohi kuma su sa batun haske cikin sharuɗɗan ba da izinin fili. Ƙungiyoyin dillalai za su iya haɗa kuɗi su sayi kaya masu kyau a kan sari. Wanda ya zuba miliyoyi a mota bai kamata ya yi rowar hasken da zai tsare ta ba.