Ofishin Shawara Ba Ɗakin Ajiye Tsintsiya Ba Ne

A yawancin makarantunmu na sakandare akwai wata ƙofa da aka rubuta wa "Ofishin Jagoranci da Shawara". Duk wanda ya tura ta, sau da yawa karyayyun kujeru zai tarar, da tsintsiyoyi, da ƙunshin tsofaffin takardun jarrabawa. Inda aka yi dace akwai mai ofishin kuwa, za a iske an cika masa jadawali da darussa har ba shi da sukunin zama a ciki, ko kuma an ba shi muƙamin ne don an rasa inda za a kai shi. Tun a shekarar 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta amince cewa makarantu na buƙatar masu ba da shawara, amma har gobe ana kallon aikin tamkar bai wuce zaɓa wa yara darussan jarrabawar fita da cike musu fom ɗin jami'a ba. Mu a wannan reshe muna ganin cewa a ranar da ɗalibi ko malami ya kai maƙura, babu aikin da ya kai wannan nauyi a cikin harabar makaranta. Aikin da rai ya rataya a kansa kuwa ya cancanci horo, da lokaci, da madogara.

Ya kamata mu fara da sanin aikin kansa. A cikin masu ba da shawara akwai waɗanda sana'arsu ita ce tarbar mutum a sa'ar da hankalinsa ya tashi har ya kasa riƙe kansa: wanda ya yanke ƙauna daga rayuwa, ko wadda aka yi wa fyaɗe, ko yaron da aka kashe mahaifinsa a kan idonsa, ko matashin da ƙwaya ta juya wa tunani. Ana samun irin waɗannan ma'aikata a asibitoci, da sansanonin 'yan gudun hijira na Borno, da wasu ƙungiyoyin agaji. Ba sa rubuta magani, kuma ba wa'azi ko shari'a suka zo yi ba. Jagorar agajin farko na kwantar da hankali da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ta taƙaita matakin farko na aikin a kalmomi uku: duba, saurara, sada. A duba ko akwai haɗarin da ke gab da faruwa, a saurari mutum ba tare da an tsare shi da tambayoyi ba, sannan a sada shi da wanda zai ci gaba da kula da shi.

A baki abin kamar mai sauƙi ne. A aikace, mai shawarar gaggawa dole ya iya kallon mutum ido da ido ya tambaye shi ƙarara ko yana tunanin kashe kansa. Da yawanmu muna tsoron wannan tambaya, muna zaton ita za ta cusa wa mutum tunanin, alhali masana sun tabbatar da cewa tambayar ba ta shuka abin da babu, sai dai ta buɗe wa mai ɓoyon ciwo ƙofar magana. Dole ya gano ko mutumin ya riga ya shirya wani abu, ko ya taɓa gwadawa a baya. Dole ya tabbatar an kawar da abin cutarwa daga kusa da shi, kuma ba a bar shi shi kaɗai ba har sai guguwar ta lafa. Wannan hikimar ce ta sa hukumar NAFDAC a 2019 ta hana sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwari a kasuwanni, domin irin wannan niyya kan zo ne kamar hadari ta wuce, wanda bai sami abin cutarwa a hannu ba a wannan sa'a sau da yawa yakan tsira. Bayan haka sai bibiya, don makonnin farko bayan mutum ya kuɓuta suna cikin mafi haɗari. Ga kuma amanar sirri, wadda ba a karya ta sai idan rai na cikin haɗari, kuma tun farko ake sanar da mutum wannan iyaka. Duk wannan ilimi ne da ake koyo. Kyakkyawar zuciya kaɗai ba ta wadatar.

Wani zai ce wannan ai hurumin ma'aikatan lafiya ne, ina ruwan ƙungiyar malamai? Amsar tana cikin lissafi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Daga ƙauyukan da da yawanmu ke koyarwa, zuwa asibitin Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Dawanau a Kano, ko na Maiduguri, tafiya ce ta yini da kuɗin mota da talaka ba ya da su. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bayyana cewa kusan rabin larurorin ƙwaƙwalwa suna fara bayyana ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Yaro mai waɗannan shekaru a gabanmu yake wuni. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma mu ne muke ganin fuskar nan kwana biyar a mako. Mu muke fara lura da yarinyar da ta daina magana, da yaron da ya fara kwana a aji, da haziƙin da makinsa ya zube ba gaira ba dalili.

Zamanin da muke ciki ya ƙara wa kayan nauyi. An kwashe 'yan mata 110 a Dapchi a 2018, da ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, aka kuma maimaita a Kuriga a Maris na 2024. Idan aka sako yara akan kai su gidan gwamnati, a ɗauki hoto, a duba lafiyar jikinsu, sannan a mayar wa iyaye. Bayan 'yan jarida sun watse, malamin aji ake bari da yaron da ke zabura idan ya ji ƙarar babur, da wanda ba ya iya rintsawa da dare. Ga kuma annobar shaye-shaye: binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma a shekarar ce gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Wasu daga cikin waɗannan miliyoyi suna sanye da kayan makarantarmu. Ke nan aikin tarbar wanda ya kai maƙura ya riga ya faɗo a kanmu, ko mun so ko mun ƙi, kuma muna yin sa ne da ka, babu horo, babu wanda za mu miƙa wa.

Akwai masu cewa mu al'umma ce mai tawakkali, muna da malaman addini da dattawa da dangi, don haka wannan sana'a baƙuwa ce. Ba mu raina wannan magana ba. Addu'a da zumunci garkuwa ne na gaske, kuma mai shawarar da ya san aikinsa da su yake tafiya. Tarihin ƙasar nan ma shaida ne. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, ana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa waɗanda suka zauna da su sun sami sauƙi ƙwarai. Darasin da ke cikin duka biyun shi ne mutanen gari suna iya wannan aiki idan an horar da su, aka kuma jingina su da asibiti. Inda aka bar giɓin a buɗe kuwa, mun ga abin da ke cike shi. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutane wajen 300 daga wani gidan mari a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa, cikinsu har da yara. Yawancin iyayen da suka kai su ba mugunta ta sa su ba, rasa wurin zuwa ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ta fuskar doka an sami ci gaba. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin masu larura da sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Sai dai kundin hukunta laifuffuka da Arewa ta gada, a sashe na 231, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Ba muna jayayya da haramcin kashe kai a addini ba ne, wannan a bayyane yake. Abin da muke cewa shi ne wanda ya tsira daga irin wannan yunƙuri mara lafiya ne, kuma tsoron 'yan sanda da kotu yana sa iyali su rufe maganar, shugaban makaranta ya yi shiru, mai shawara kuma ya rasa yadda zai kai yaro asibiti ba tare da ya jefa shi cikin wata masifar ba. Majalisar Gana ta cire irin wannan hukunci daga dokarta a 2023. Babu abin da zai hana majalisunmu yin haka.

Sai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wato halin da shi mai shawarar kansa ke shiga. Mutumin da ke wuni yana sauraron labarin fyaɗe da kisa da yanke ƙauna, sa'annan amanar sirri ta hana shi faɗa wa ko da matarsa, lalle kayan da ya ɗauka ba ya sauka a bakin ƙofar ofis. Yakan bi shi gida, ya hana shi barci, ya sa shi saurin fushi, wani lokaci har zuciyarsa ta bushe ya daina jin tausayin da ya kawo shi aikin. Shi ya sa a ƙa'idar sana'ar ake haɗa kowane mai shawara da wani babba a fannin, wanda zai riƙa zama da shi lokaci zuwa lokaci suna bitar abin da ya gamu da shi, ake kuma ƙayyade yawan mutanen da zai riƙe. Namu kuwa shi kaɗai ne a makaranta mai ɗaruruwan ɗalibai, ga alli a hannu, ga albashin da ba ya kai tsakiyar wata. Mu ma sauran malamai ba dutse ba ne. Akwai a cikinmu waɗanda bashi da jinkirin albashi da tsoron hanya suka tsotse su, suna shiga aji da murmushi suna fita da ƙunci. Iyalanmu da ke karanta wannan mujalla sun fi kowa sanin haka, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu su sa wannan batu cikin buƙatun da ake kai wa gwamnati, kafaɗa da kafaɗa da albashi da ƙarin girma. A naɗa wa kowace makarantar sakandare ƙwararren mai ba da shawara, makarantun 'yan mata kuma a ba su mace, a sauke musu darussa, a ba su ɗaki mai ƙofa da ke rufuwa. A rubuta yarjejeniya tsakanin Ma'aikatar Ilimi da ta Lafiya, ta yadda kowace makaranta za ta san ƙaramin asibitin da za ta kai ɗalibi, da jami'in da za ta kira ko da tsakar dare ne, da hanyar isa babban asibiti idan ta kama. A ba kowane malami, musamman masu kula da ɗakunan kwana, horon agajin farko na kwantar da hankali, wanda bai wuce na 'yan kwanaki ba. A kuma kafa zaman bita na wata-wata ga masu shawara a kowace shiyya, ƙarƙashin wani ƙwararre.

Akwai kuma abin da ba sai mun jira kowa ba. Reshenmu na iya gayyatar ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa zuwa taronmu na gaba. Muna iya kai maganar gaban ƙungiyar iyaye da malamai, da limamai da masu unguwanni, kafin ranar 10 ga Oktoba da duniya ke tunawa da lafiyar ƙwaƙwalwa. Muna iya daina kiran ɗalibin da ya rikice da sunan mahaukaci, mu daina amsa kukansa da bulala. Idan abokin aikinmu ya yi shiru fiye da yadda muka san shi, mu je har gida mu tambaye shi, mu kuma zauna mu ji amsar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Makarantar da ta jira sai ranar da aka tsinci ɗalibi a sume kafin ta nemi lambar asibiti, ta riga ta makara. Allah Ya tsare mana yaranmu, Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu.