Kofi a hannu, takardar sallama a aljihu

A unguwarmu ta Briqueterie ƙwallon ƙafa ne sarki, babu mai ja. Amma tun da 'ya'yan Kamaru biyu suka yi suna a gasar NBA ta Amurka, Joel Embiid haifaffen nan Yawunde da Pascal Siakam ɗan Duwala, ƙwallon kwando ya sami wurin zama a teburin mai shayi da gindin masu tsire. Tare da shi muka ɗauko wata ɗabi'a da take damuna. Da zarar an fitar da ƙungiya a wasannin fid da gwani na ƙarshen kaka, tun gumin 'yan wasa bai bushe ba, sai ka ji an ce a kori koci. In ka ce a yi haƙuri, hujja ɗaya za a kawo maka: Toronto.

To, mu waiwayi Toronto ɗin. Dwane Casey ya karɓi ƙungiyar Raptors a 2011 tana cikin 'yan baya, ya yi shekara bakwai yana gini. A hannunsa Siakam ya faɗo a 2016, yaron da sai a zaɓi na 27 aka ɗauka. Casey ya jarraba shi, da aka ga bai nuna ba aka tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ya ƙara gogewa, ya dawo ya zama jigo a cikin 'yan benci. A kakar 2017/2018 suka ci wasa 59 cikin 82, abin da ƙungiyar ba ta taɓa yi ba. Sai Cleveland ta LeBron James ta yi musu huɗu da nema, shekara ta biyu a jere. Ranar 11 ga Mayun 2018 aka sallami Casey. Watan Yuni aka kira shi aka miƙa masa kyautar gwarzon kocin shekara, alhali ƙungiyar da ya ci kyautar da ita ta riga ta raba gari da shi. Wanda ya yanke wannan hukunci kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu, Masai Ujiri ne, wanda ya tashi a Zariya.

Shekara ta zagayo. Daren 12 ga Mayun 2019, cikin watan azumi, Toronto da Filadelfiya suka haɗu a wasa na bakwai, wanda ya faɗi ya tattara kayansa. Agogonmu tsakar dare aka fara. Mun cika rumfar wani mai shayi, rabi na Siakam, rabi na Embiid, kofuna sun huce a hannu babu mai kurɓa. Saura daƙiƙa huɗu ana 90 da 90, Kawhi Leonard na Toronto ya ja ƙwallo zuwa lungun dama, ya harba ta saman hannun Embiid. Ƙwallon ta daki ƙarfen kwando sau huɗu kafin ta zurma. Embiid ya fashe da kuka a gaban duniya, Marc Gasol na Toronto ya rungume shi. Wani dattijo da ke kusa da ni, mai goyon bayan Filadelfiya, ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Yara, ku tashi, gida an fara hura wutar sahur." Wata guda bayan nan Toronto ta doke Golden State ta ɗauki kambu a ƙarƙashin sabon koci Nick Nurse, Siakam ya zuba maki 32 a karawar farko ta zagayen ƙarshe.

Daga wannan dare mutanenmu suka haddace cewa kora magani ce. Ni ban yarda ba. A bazarar da aka sallami Casey, Ujiri ya ba da DeMar DeRozan ya karɓo Leonard. LeBron, ƙadangaren bakin tulun nasu, ya koma Los Angeles, ya bar musu yankin gabas. Gasol ya iso a watan Fabrairu. Shi kansa Nurse shekara biyar ya yi yana mataimakin Casey, kuma yaran da Casey ya raina ya tarar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba na rage wa Nurse ƙwarewarsa, amma shi ma, da kambunsa da kyautar gwarzon koci ta 2020, a watan Afrilun 2023 aka nuna masa ƙofa. Ujiri ma ya bar kujerarsa a Yunin 2025.

In da gaske kora magani ce, da ɗanmu Embiid ya daɗe da warkewa. Filadelfiya ta kori Brett Brown a 2020 bayan Boston ta share su. Ta kawo Doc Rivers. A 2023, shekarar da Embiid ya zama gwarzon ɗan wasan gasar baki ɗaya, Boston ta sake lallasa su 112 da 88 a wasa na bakwai, Embiid bai wuce maki 15 ba, kwana biyu tsakani aka sallami Rivers. Aka ɗauko Nurse, mai kambu. A 2024 tun zagayen farko aka fitar da su, a 2025 ko shiga ba su yi ba. Koci uku, matsala tana nan inda take: gwiwar Embiid da ke yawan tashi, da abokan wasa da ake ta canza masa. Miami kuwa, da Erik Spoelstra ya faɗi wasan ƙarshe a 2011 yana da LeBron a hannu, duniya ta yi ta kiran a cire shi, shugaban ƙungiyar Pat Riley ya toshe kunne. Suka ɗauki kambu a 2012, suka maimaita a 2013.

Akwai abin da masu ihun kora ba sa kawowa a lissafi, kuma shi ya fi ci mini rai. Kocin Amurka in an kore shi, kwantiraginsa yana bin sa har gida. Detroit ta sallami Monty Williams a 2024 bayan kaka ɗaya, da ragowar kusan dala miliyan 65 da dole ta biya shi. Casey ma wata ɗaya ya yi a zaune ya sami sabon aiki. Mu nan rashin haƙurin muka kwaikwayo, takardar da ke kare mutum muka bar musu.

Ba sai mun yi nisa ba. Babban ɗakin wasanni na Warda, wanda Sinawa suka gina aka buɗe a 2009, ga shi nan a bakin unguwarmu, da ƙafa muke zuwa. A cikinsa, a watan Satumban 2021, matan Najeriya, D'Tigress, suka doke Mali 70 da 59 suka ɗauki kofin Afirka karo na uku a jere, matan Kamaru suka zo na uku. Kocin Najeriya a ranar Otis Hughley ne. Shi ma a kan kujerar wani ya zauna: Sam Vincent, wanda ya ciyo kofin 2017 a Bamako, an sallame shi ana saura 'yan makonni a tafi gasar duniya ta 2018. Hughley ya kai ƙungiyar zagayen 'yan takwas a wannan gasa, ya ci kofi a Dakar a 2019, ya ƙara a nan Yawunde. Ko wata ba a rufa ba da bikin Warda, 'yan wasan suka fito a bidiyo suna neman alawus da ladan da ba a biya su ba. A watan Mayun 2022, saboda rikicin shugabanci a hukumar ƙwallon kwando ta ƙasar, gwamnatin Najeriya ta janye daga wasannin ƙasa da ƙasa. Kafin ta sake shawara, an ba Mali gurbinsu a gasar duniya ta Ostireliya, Hughley kuma ya ajiye aiki. Wannan ba faɗuwa a wasa ce ta raba shi da aiki ba, ba kuma fitarwa a wani zagaye ba. Rigimar manya ce ta cinye aikinsa.

In haka ta faru da mai kofi biyu, ina ga malamin da ke tara yaranmu bayan la'asar a filin siminti, da ƙwallo biyu da usur a wuya? Da yawansu da baki aka ɗauke su, da baki za a sallame su, wani lokaci ma sai dai su zo su tarar da wani a tsaye a wurinsu. Roƙona ga shugabannin ƙungiyoyinmu, manya da ƙanana, shi ne a rubuta a takarda: shekara nawa, albashi nawa, ranar biya, da abin da za a auna mutum da shi. A cikin ma'aunin nan a sa yaran da ya tasa, kada a tsaya kan sakamakon dare ɗaya.

Najeriya ta gwada hakan a 2023, ta ba Rena Wakama kwantiragin shekara biyu, ta bar ta ta yi aikinta. Wakama ta ɗauki kofin Afirka a Kigali a shekarar, mace ta farko da ta yi haka a matsayin koci. A gasar Olamfik ta Faris a 2024 ta kai D'Tigress zagayen 'yan takwas, inda babu ƙungiyar kwandon Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa takawa. A 2025 a Abijan ta sake ɗaukar kofin.