Hanyar Bakin Kanal Ta Mai Keke Ce

'Yan'uwa manoma, in aka tambayi mai noman rani a Kura ko Kadawa ko Bunkure abin da madatsar Tiga ta kawo masa, zai ce ruwa. Gaskiya ya faɗa, amma bai gama lissafi ba. An gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Da aka zo haƙa manyan hanyoyin ruwa waɗanda mu ke kira kanal, sai aka bar hanya a gefensu domin ma'aikata su riƙa bi suna duba ƙofofin ruwa, suna gyaran inda ya lalace. Wannan hanya dukiya ce, ga shi kuwa muna cinye ta kaɗan kaɗan. Abin da mu ke so mu faɗa shi ne, bayan ma'aikatan ruwa, ba wanda ya kai mai keke hakki a kanta, ya kamata kuma mu riƙe ta saboda shi.

Ku dubi yadda aka yi ta. Ruwan Tiga ba inji ke tura shi ba, gangarowa ya ke yi da kansa, ya ratsa ta Ruwan Kanya har ya kai gonaki. Domin haka dole masu awo suka sa kanal ya riƙa sauka a hankali ƙwarai, yadda ido ba zai gane ba. Hanyar da ke binsa ita ma haka ta ke, ba hawan tudu, ba gangare mai sa mutum ya matse birki. Duk wanda ya taɓa ɗaura buhun taki a kariya ya san abin da wannan ke nufi ga gwiwarsa. Babu kuma tireloli masu gudu irin na titin Kano zuwa Zariya, inda mai keke ke tafiya da ransa a hannu.

Ba mu ne farkon masu irin wannan hanya ba. A kudancin Faransa akwai wani kanal da ake kira Midi, wanda wani mutum mai suna Pierre-Paul Riquet ya sa aka fara haƙawa a 1666, aka buɗe shi a 1681. Tsawonsa kilomita 240, daga birnin Tulus zuwa bakin Bahar Rum. Shi ma daga wata madatsa da ke kan tudu a ke ba shi ruwa, kamar namu. Nasu dai ba domin ban-ruwa aka yi shi ba, domin jiragen ruwa masu ɗaukar hatsi da sauran kaya ne. Jiragen kuwa ba su da inji. Dawakai ne ke jansu da igiya, suna tafiya a wata 'yar hanya da ke bakin ruwan. Da jirgin ƙasa ya shigo yankin a 1857 sai kaya suka fara komawa can, a kwana a tashi dawakai suka ɓace, hanyarsu ta zama ba mai bukata.

To, wannan hanyar dawakai ita ce yau mutane ke zuwa daga ƙasashe dabam dabam su bi da keke. An haɗa ta da ta wani kanal ɗin da ya nufi yamma wajen Bodo, har mutum na iya hawa keke daga wannan teku zuwa wancan, tafiyar fiye da kilomita 700, galibinta a bakin ruwa. Ba tsere su ke yi ba. Suna tafiya ne sannu sannu, su yini a hanya, su kwana a ƙauye. Mutanen ƙauyukan kuwa suna sayar musu da abinci, suna ba su hayar ɗaki, masu gyaran keke suna samun na cefane. A Ingila ma haka abin ya ke. Suna da hanyoyin ruwa wajen mil 2,000 a Ingila da Wales, waɗanda tun 2012 wata ƙungiya mai zaman kanta ke lura da su, masu aikin sa kai suna taimaka mata da sharewa da gyara. A can doka ita ce mai keke ya rage gudu ya ba mai tafiya a ƙasa hanya.

Mun san abin da wani zai ce. Zai ce, wannan ai wasan ƙosassu ne, mutumin da ke da mota a gida ya hau keke domin nishaɗi, ina ruwan manomin Garun Malam da shi? Muna yarda da rabin maganar. Ba ma so kowa ya zauna yana jiran Turawa su zo yawo a Kadawa su zuba masa kuɗi. Abin da ya kamata mu ɗauka daga labarinsu dabam ne. Su sai da hanyarsu ta mutu kafin suka gane amfaninta, suka kashe kuɗi mai yawa suka tashe ta. Tamu tana da rai. Tun da asuba za ka ga masu keke a kanta, wannan da fartanya da tiyo, wancan da ɗan makaranta a baya, ga mai tallan rake, ga malamin gona da jakarsa. Riƙe abin da ke da rai ya fi tada matacce sauƙi.

Akwai kuma masu ganin keke abin da ne, na zamanin Raleigh da Phoenix, sa'ad da saurayi ke share ƙafar kekensa da tsumma kafin ya je zance. Suna cewa yanzu zamanin babur ne. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lissafin ya sake. Litar da ba ta kai naira 200 ba kafin lokacin, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Manomin da ke zuwa gona sau biyu a rana domin juya ruwa, in da babur ya ke zuwa, ya ci wani kaso na ribar tumatirinsa tun bai tsinka ba. Keke kuwa tuwo ne mansa. Abin da ya ke bukata faci ne da ɗan man shafawa a sarƙa, sai hanya mai kyau. A ƙasar Holan, inda ba talauci ya sa su ba, kekuna sun fi mutane yawa.

Me ke kashe hanyar? Na fari mu ne da kanmu. Kowace shekara mai gona ya ƙara kunya ɗaya zuwa wajen hanya, yana ganin ai taƙi ɗaya ba kome ba ne. Maƙwabcinsa ya gani shi ma ya ƙara. Bayan 'yan shekaru, inda mota ke wucewa sai keke da ƙyar. Wani kuma ya tsaga hanyar da dare ya ja ruwa zuwa fegin da ba a shirya masa ruwa ba, ya rufe da ƙasa sama sama. Damina na zuwa wurin ya burma. Wannan ba hanya kaɗai ya ke ɓatawa ba, gama ƙasar da hanyar ke kai ita ce ke tokare bangon kanal. Ranar da bangon ya fashe, waɗanda ke ƙasa da wurin su ne za su kalli shinkafarsu ko alkamarsu tana bushewa, alhali ba su suka yi laifin ba.

Sai manyan motoci. Lokacin tumatir, masu kai kaya Kwanar Gafan suna so su shiga har bakin gona, ba ma kuma ganin laifinsu in ƙasa ta bushe. Ɓarnar tana zuwa ne sa'ad da mota mai nauyi ko tarakta ta bi hanyar tana jiƙe. Tafiya ɗaya ta isa ta bar ramuka biyu masu zurfi, rana ta gasa su su zama kamar dutse, mai keke ya yi wata shida yana sauka yana turawa. Kekuna ɗari su wuce ba su yi wa hanya abin da mota ɗaya ta yi mata ba. Haka nan in an yashe kanal aka fid da laka da kachala, sau da yawa a kan hanyar a ke jibge su a tafi.

An yi babban gyara a wannan shiri na ban-ruwa da rancen Bankin Duniya wanda aka amince da shi a 2014, aka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa domin manoma su ɗauki nauyin kula da ƙananan hanyoyin ruwa. Waɗannan ƙungiyoyi su mu ke roƙo. Kuna da dokar ranar ba da ruwa, kuna da dokar kuɗin ruwa. Ku ƙara ta hanya. A auna faɗinta a kafa turaku, wanda ya noma ya wuce turke ya biya tara kamar wanda ya saci ruwa. A hana mota mai nauyi shiga in an yi ruwan sama, sai ƙasa ta sha iska. Ranar gayyar yasar kanal kuma a ware mutane kaɗan da kwanuka da shebur su kwashe lakar daga hanya, su cike ramuka da burji. A gefen da ƙasa ke zaizayewa a dasa jema, gama saiwarta na shiga ƙasa ta riƙe ta, ba ta kuma yaɗuwa cikin gona.

Zancen inuwa yana bukatar hankali. Abin da ya sa kanal ɗin Faransa ya yi suna har da itatuwansa, wajen 42,000 na iri ɗaya mai faɗin ganye, jere a gefe biyu. A 2006 aka gano wata cuta ta kama su. Da ya ke duk iri ɗaya ne, cutar ta bi su ɗaya bayan ɗaya, dole aka sare dubbai aka ƙone, yanzu iri dabam dabam su ke dasawa. Saboda haka kada mu cika layi da darbejiya kaɗai. A gauraya da mangwaro da maɗaci da abin da ƙasar wurin ke karɓa. Kada kuma a dasa a jikin bangon kanal, domin saiwa na tsaga siminti. A dasa can gefen waje, bayan an shawarci ma'aikatan ruwa.

Akwai wata dabara mai araha da muka ga ta dace da mu. A ƙasar Beljiyam wani injiniya mai suna Hugo Bollen ya kawo shawarar a sa wa kowace mararrabar hanyar keke lamba, aka fara a 1995, daga baya Holan ta ɗauka. Baƙo ba ya bukatar sanin sunan ƙauye, lambobi kawai zai bi. Mu nan gwangwanin fenti ɗaya ya isa a rubuta lamba a jikin kowace gada da kwalbati. Mai sayen kaya zai sami gona ba wahala. In kuma yaro ya faɗa ruwa, ko mace na naƙuda a bukkar gona, mai kiran taimako a waya zai faɗi lamba maimakon ya ce kusa da wata tsamiya.

Tun da mun ambaci yara, dole mu faɗi wannan. Babban kanal yana da zurfi, ruwansa na da ƙarfi, bangon siminti kuwa santsi gare shi, wanda ya zame ba shi da abin kamawa. Kada a bar ƙaramin yaro ya koyi keke a bakinsa. Mai tafiya kuma kome zafin rana kada ya ce bari ya faɗa ya yi wanka, gama ruwan ban-ruwa inda dodon koɗi ke zama shi ne gidan tsargiya.

In hanya ta gyaru, baƙi za su zo, amma namu ne za su fara zuwa. Muna nufin 'yan makarantun sakandare da na kwalejojin aikin gona, waɗanda da yawansu suna cin shinkafar Kura ba su taɓa ganin yadda a ke dasa ta ba. Malami ɗaya da yara ashirin a kan kekuna za su iya bin ruwa daga babban kanal zuwa ƙarami har ya shiga fegi, su ga ƙofar da ke raba shi, su tambayi manomi dalilin rigimar na sama da na ƙasa. Mai ƙosai da mai faci da ke bakin gada su ma ba za su yi asara ba ranar.

Lokacin da ya fi dacewa da kafa turakun shi ne bayan an yanke shinkafar damina, kafin a ta da kunyoyin rani, sa'ad da iyakar kowa ke fili ba shuka a kai. Shugabannin ƙungiyoyi su sa maganar cikin taron da za su yi kafin lokacin, su gayyaci mai unguwa da ma'aikacin ruwa na sashensu, a zo da igiyar awo.