Dogara ga Allah ba adashi ba ce

Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, a yau ina son mu duba wata damuwa da ta shigo wa maƙwabtanmu Kirista, waɗanda muke rumfa ɗaya da su a Maraɗi, Damagaram da Yamai.

Wata mai sayar da atamfa da na sani ta ɗauki jaka 50 cikin jarinta ta aika wa wani fasto da ba ta taɓa gani ido da ido ba, sai cikin salula. Ya yi mata alkawarin cewa in ta shuka wannan "iri", Allah zai ninka mata shi kafin wata ya mutu. Wata ya mutu, kuɗi ba su dawo ba, ga bashin dillali. Abin da ya fi ba ni tsoro ba asarar jarin ba ce. Ta daina zuwa majami'a, tana cewa Allah ya manta da ita.

Wannan koyarwa daga waje ta zo. A Amurka ta yi ƙarfi, inda wani mai wa'azi, Oral Roberts, ya yaɗa zancen shuka iri da kuɗi. A Najeriya, Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya rasu a 1998, yana cikin waɗanda suka fara wa'azin arziki. Daga nan talabijin ta tauraron ɗan Adam ta kai shi cikin ɗakuna, yanzu kuma WhatsApp da TikTok sun sa shi cikin aljihun kowa.

Zamani ya koya mana gaggawa. Ka aika kuɗi Tawa, cikin minti ɗaya sun isa. Sai mutum ya ɗauka addu'a ma haka take: ka zuba, ka ɗauka, kamar adashi. In kwasa ba ta zo kansa ba, sai bangaskiyarsa ta girgiza. To wanda ya dogara ga Allah don riba kaɗai, ranar da kasuwa ta faɗi, dogararsa ma faɗuwa za ta yi.

Ba haka Kiristocin farko na ƙasar nan suka koya ba. Mishan ta SIM ta zauna Damagaram a 1924, aka buɗe asibitin Galmi a 1950. Waɗanda suka karɓi addinin a lokacin ba a yi musu alkawarin mota ko bene ba. Wasu ma danginsu ne suka guje su, amma suka daure. Littafinsu kansa ya ba da labarin Ayuba, wanda ya rasa dukiya da ƴaƴa da lafiya bai juya wa Ubangiji baya ba, labarin da Musulmi ma suka sani. Ya kuma nuna yadda Yesu ya kori masu canjin kuɗi daga Haikali.

Ba na cewa a jefar da salula, ko a daina baiko. Baiko ibada ne, mai bayarwa ba ya jiran riba. Shawarata ga ƴar uwata Kirista: ki bayar inda kike ganin abin da ake yi da kuɗin, gun marayu da majinyata da majami'ar unguwarki, kada ki taɓa jari. Duk wanda ya yanka miki farashin albarka, ku da kuka san ciniki kun san sunansa: ɗan damfara.

Musulmi ma kada su yi dariya, gama masu irin wannan ciniki da sunan addini suna ko'ina. Allah shi kiyaye mana jarinmu da imaninmu.