Ba ambiriyaj ba ne, Mushe

Shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe da alli, kuma akwai wata magana da na faɗa wa yara sau ba adadi: "In ba ka yi karatu ba, a garaji za ka ƙare." A bakin malamaina na fara jin ta, abokan aiki suna faɗin ta, iyaye ma suna maimaita ta a gida. Ni dai na bar ta tun bara, kuma ina so ku ma ku bar ta.

Ƙanen matata yana da tsohuwar kamyo mai ƙafa goma, da ita yake ciyar da gidansa da na mahaifiyarsa. Albasa yake ɗauka daga Galmi da Madawa, wani lokaci aya ko wake daga nan Maradi. Bara, ana tsakiyar kakar albasa, motar ta tsiri wata ɗabi'a: da direba ya fara sakin ƙafa zai tashi da kaya, sai ta kama karkarwa kamar mai masassara, sannan a ji "gwaf" daga ƙarƙashin kan motar. A garajin farko ba a ko tada injin ba aka yanke hukunci: ambiriyaj ne, abin da ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka ke ce wa kuloci. Aka sauke bwat, aka sa sabon faifai da sauran kayansa. Mota ta kwana 4 a kwance, kuɗin da suka fita sun fi albashina na wata, kuma wani ɓangarensu ni aka ranta wa. Ta yi lodin farko, karkarwa na nan yadda take.

Garaji na biyu da ni aka je, don na ce sai na ga inda kuɗina ke shiga. Wani saurayi ya fito yana goge hannu da tsumma, ya rusuna ya ce, "Mushe, ina wuni?" Tsohon ɗalibina ne na CM2. Ya kai aji huɗu na kwaleji, BEPC ta ƙi shi sau biyu, ya shiga koyon gyaran mota. Na tuna ranar da mahaifinsa ya zo ya gaya mini, kamar mai kawo labarin rasuwa, ni kuma na taya shi jimami.

Bai taɓa sufana ba. Tambayoyi ya fara yi wa direba. Da kaya kawai take karkarwa, ko har in babu kaya? In ka sa giyar baya fa? In kana hawan tudu ka taka mai, kukan inji na ƙaruwa alhali mota ba ta ƙara gudu? Kana jin ƙauri? Giya na gurzawa in za ta shiga? Direba ya ce babu ƙauri, giya na shiga lafiya, a tudu kuma tana ja. Sai yaron ya ce a kawo masa tsohon faifan da aka cire. Ya juya shi, ya nuna mini: fatarsa da sauran kauri, ba ta kai ga ƙusoshi ba, babu mai a jikinta, babu alamar ƙuna.

Daga nan ya sa aka tokare ƙafafu da katako, aka ja birkin hannu, ya kori kowa daga gaban motar da bayanta. Ya tsuguna a gefe da tocila, ya ce direba ya sa giya ya saki ƙafa a hankali. Da idona na ga injin ya ɗaga ta ɓangare guda, ya koma ya faɗa. "Ba ambiriyaj ba ne, Mushe," in ji shi. "Silambulok ne."

Ga waɗanda ba su sani ba, kamar yadda ni ma ban sani ba sai ranar: injin babbar mota da bwat ɗinsa sun fi tan guda nauyi, kuma ba a ɗaure su ƙarfe da ƙarfe da jikin mota. Kan wasu dunƙulen roba suke zaune, kowane an manne shi tsakanin ƙarfe biyu. Su ne silambulok. Su ke shanye girgiza, su ke riƙe injin lokacin da yake murɗawa zai ja kaya. Zafi na busar da robar, gazuwal da baƙin mai in suna ɗiga a kanta suna lalata ta, lodin da ya wuce kima da ramukan hanya su ƙarasa. A motarmu na baya ɗaya ya rabu da ƙarfensa gaba ɗaya, ya jiƙe sharkaf da man da ke yoyo daga sama. Ya nuna mini inda fanka ta fara gogar murfinta, da mahaɗin bututun hayaƙi da ya fara tsagewa. Duk shaidu ne, suna nan a fili tun kafin a sauke bwat. Ya tallafe injin da jak da katako, ya canza na baya duka biyun, don in aka sa sabo gefe guda aka bar tsoho a ɗayan, injin zai zauna a karkace. Ya toshe yoyon. Kafin la'asar aka gama. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Ba ina cewa karkarwa kullum silambulok ba ce. Shi da kansa ya ce faifan da mai ya taɓa, ko wanda ya lanƙwashe, ko ƙarfen da yake kamawa in ya ƙone, duk suna kawo irin wannan rawa. Abin da ya raba shi da na farko shi ne ya jera abubuwan da za su iya zama, ya fara da wanda duba shi ba ya cin ko dala, ya kawar da su ɗaya bayan ɗaya. Malamai ƴan uwana, wannan ba shi ne abin da muke fama da yara a kai ba duk safiya a darasin lissafi? Me aka ba ka, me ake nema, me za ka fara yi? Yaron da muka rubuta wa "mai rauni" a takardar sakamako ya riƙe darasin, mu da muka koyar da shi muka kasa gane shi don ya sa rigar mai.

Laifinmu kashi biyu ne, kuma na biyun ya fi muni. Mun mayar da garaji abin tsoratarwa, don haka yaro mai kai ba ya zuwa can sai in jarrabawa ta jefar da shi. Sannan wanda muka gaji da shi tun CE2, bai iya haɗa baƙi ba, shi muke miƙa wa mai garaji da kalmar "ga shi nan, kansa ba ya ja." Ya shekara biyar yana wanke ƙarfe da sayo abinci, ya koyi kwancewa da ɗaurewa, bai koyi tambayar dalili ba. Ranar da ya zama maigida, duk karkarwa ambiriyaj ce. Ba na zargin mutumin garajin farko da cuta. Abin da ya gani ana yi ya yi.

Na san amsar da za a ba ni: ai tsofaffin kanikawanmu ba su shiga lakwal ba, kuma da kunne kawai suke gane ciwon inji. Gaskiya ne, na san irinsu, ina girmama su. Amma shekara talatin suka yi kafin kunnen ya nuna, a kan motocin da babu kwamfuta a cikinsu. Waɗanda ke shigowa yanzu suna rubuta ciwonsu da lambobi a gaban direba. Kowane ƙusa na ambiriyaj da na silambulok yana da adadin ƙarfin da za a ɗaure shi, a rubuce cikin littafi, da Faransanci ko Turancin Ingilishi. Wanda bai iya karatu ba sai ya hau kan sufana da ƙafa har ƙusan ya yi ƙara.

Wasu iyaye kuma za su ce talauci ne, yaro ya je ya samo. Me aparanti ke samowa a shekarunsa na farko in ban da kuɗin abincin rana? Shekara uku da za a bari ya iya karatu da lissafi ba su rage wa gida komai ba, su ne kuma za su bambanta shi da mai wanke ƙarfe.

Ƙasarmu ba ta da teku, ba ta da jirgin ƙasa mai aiki. Layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso bai ɗauke wa kamyo nauyi ba. Shinkafar da muke ci, simintin Malbaza, man matatar SORAZ ta Damagaram, har allin da nake rubutu da shi, kan babbar mota suke zuwa. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da ke fitowa ta Lome sai sun ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Motar da ambiriyaj ko silambulok ya tsayar a irin wannan hanya, ba maganar albasa ta ruɓe ake yi ba kuma. Wannan aikin ne muka ware wa waɗanda muka fidda rai da su.

Ba wai babu inda za a je ba. Ga makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a nan Maradi, ga CET da CFM a garuruwa da dama, ga asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa koyon sana'a. Malamai nawa ne a cikinmu suka taɓa kiran uban yaro mai ƙoƙari suka ce ya duba can? Ni ban taɓa ba, sai bana.

Na roƙi tsohon ɗalibin nawa ya zo ajina wata Laraba. Ya zo da silambulok biyu, yagagge da sabo, ya ba su labarin motar bai faɗi ƙarshensa ba, ya ce su yi masa tambayoyi har su gano. Wata yarinya ce ta fara tambayar ko an duba tsohon faifan. Washegari wani uba ya same ni bakin ƙofa, ya ce, "Malam, ni likita na kawo a yi mini, ba bakanike ba." Na ce masa, "Alhaji, Allah ya sa ya zama likitan. Amma ka roƙa masa ya zama irin wanda ke tambaya kafin ya yanka."

Yagaggen yana kan teburina har yanzu. Wanda ke son irinsa don ajinsa ya je kowane garajin manyan motoci ya roƙa, zubar da su ake yi.