Fim ɗin da Kafanchan ke jira

Masoya fim na alfahari da cewa sau biyu Najeriya ta tura fim ɗin Hausa gasar Oscar: The Milkmaid na Desmond Ovbiagele a 2020, sai Mai Martaba na Prince Daniel a 2024, wanda aka ɗauka a Daura. Na taya su murna, amma mu a Kudancin Kaduna har yanzu 'yan kallo ne. Tashar jirgin ƙasan Kafanchan, wadda ta tara Fantswam, Bajju, Hausawa da Ibo a gari guda, ta isa fim sukutum, a yi shi da harshen Jju ko Tyap, a rubuta fassara a ƙasa. Katung Aduwak, mai shirya fim, ɗan Zonkwa ne. Irinsa nake kira su dawo gida da kyamara.